Titi Ɗaya, Biya Uku



A wannan mako maganar titi za mu yi. Mun sani da zarar mun buɗe baki mutanen Gwamnati za su ce ga 'yan adawa nan sun fara, ba su son ci gaban ƙasa. To, bari mu soma da rufe musu wannan ƙofa. Babu wanda ya fi talaka son titi. Mai kuɗi in hanya ta lalace sai ya hau jirgin sama. Mu ne mu ke kwana a bayan gingimari bisa buhunan albasa, mu ne mu ke goya mace mai naƙuda a kan babur cikin dare muna neman asibiti, mu ne kuma kwandon tumatirinmu ya ke ruɓewa in mota ta kafe. Saboda haka in mun yi magana a kan titi, maganar mai kaya ce.

Abin da mu ke cewa shi ne, duk titin da aka shimfiɗa ba tare da an duba ruwa da ƙasa da itatuwan wurin ba, sau uku talaka ya ke biyan kuɗinsa. Ku biyo mu da lissafi.

Biya na farko shi ne ranar gini. Kakanninmu da jikinsu suka biya. Layin dogo da ya taso daga Baro ya iso Kano cikin 1911, talakawa aka ɗebo daga ƙauyuka suka haƙa ƙasa suka ɗauke ta da kwanduna a ka, haka kuma aka yi ta yin hanyoyin En'e da aikin tilas, har Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa NEPU cikin 1950 suka tsaya a kan sai an daina. Yau ba a kama mutum a kai shi aikin hanya, amma ana kama aljihunsa. Tun 2020 harajin da a ke ɗorawa a kan kayan saye ya koma kashi 7.5 bisa ɗari. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, aka ce mana kuɗin da aka tsimi ayyuka za a yi da su. Cikin 2017 Gwamnati ta karɓi rancen Sukuk na naira biliyan 100 domin hanyoyi 25, ta kuma ci gaba da karɓa a shekarun da suka biyo baya. Rance kuwa ba kyauta ba ne, yaran da su ke tallar gyaɗa a tasha yau su ne za su ƙarasa biya. Ashe ke nan ko tsakuwa ɗaya da ke kan kwalta tamu ce.

Biya na biyu shi ne ranar da ruwa ya cinye hanyar. Wannan kuwa ba sai mun ba ku labari ba. Cikin Yuni 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, watau babbar hanyar da shanu da hatsi da kayan gwari su ke bi zuwa Ibadan da Ikko, motoci suka yi cirko-cirko. Cikin Oktoba 2022 ruwa ya shafe titin Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, tankoki suka maƙale, mai ya yi wuya har cikin birnin Tarayya. A wannan shekara ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. Cikin Agusta 2024 ruwa ya yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, titin da ba a daɗe da tagwaita shi ba. A daminar nan ce kuma gadar Namnai ta hanyar Jalingo zuwa Wukari ta faɗi, mutane suka koma fito da kwalekwale kamar zamanin da.

To, wa ya biya? Ɗan kasuwa ya sani tumatir ba ya jiran injiniya. Kwana biyu a rana ya zama ruwa. Saniyar da ta yi kwana huɗu tsaye a cikin tirela ta rame, wata ma sai an yanka ta a bakin hanya a sayar da araha. Direba ya zaga ta doguwar hanya ya ƙara kuɗin mota, dillali ya ƙara nasa, mai sayarwa da mudu ta ƙara nata, a ƙarshe sai ka ga abin ya sauka a tukunyar matar da ba ta taɓa jin sunan Tatabu ba.

Biya na uku shi ne ranar gyara. Sai a kira manema labarai, babban mutum ya zo da hular kwano a kai ya jajanta, a ba da sabuwar kwangila ta gaggawa, daga baitulmalin nan dai da aka ɗebi na farko. Wanda ya yi aikin da ya lalace ba mu taɓa jin an ce ya mayar da ko kwabo ba.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce ambaliya daga Allah ta ke, wa ya isa ya tare ta? Mun yarda da ƙaddara, ba mu kuwa ja da ikon Ubangiji. Amma ruwan sama na Allah ne, kwalbati na ɗan kwangila ne. Kowane manomi ya san titi ba kome ba ne illa dogon tudu da aka gitta a tsakiyar ƙasa. Ruwan da ya saba gangarawa daga tudu zuwa fadama tun kaka da kakanni, in ya zo ya tarar da wannan shinge dole ya nemi mafita. In an bar masa ƙofa mai faɗi sai ya wuce salin-alin. In kuwa aka sa masa ƙaramin bututu domin a rage kuɗin siminti, sai yashi da kara da leda su toshe bakin, ruwa ya taru a gefe ɗaya ya cinye gonaki, ya jiƙa marmarar da ke ƙarƙashin kwalta har ta yi laushi, wata rana da dare ya ɓalle gaba ɗaya. Wanda ya samu ya fita ta bututun kuma da ƙarfi ya ke fita, in ba a daɓe masa wurin sauka da dutse ba sai ya fara cin ƙasa, shekara uku ka ga kwari ya raba gonar mutum biyu. Bayan haka masana sun tabbatar duniya tana ƙara zafi, ruwan da a da ya kan sauka cikin mako yanzu ya kan zubo cikin dare ɗaya. Wanda ya auna kwalbati da ma'aunin ruwan zamanin kakansa, ya gina wa jama'a tarko.

In akwai mai shakka, ya tuna Mokwa. Da asubahin 29 ga Mayu 2025 ruwa ya afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa mutane suna barci. A kwanakin farko kaɗai an ƙirga gawa fiye da 150, wasu da yawa ba a gan su ba. Mutanen garin sun shaida wa manema labarai cewa ruwan ya taru ne a bayan tudun tsohon layin dogo, domin shara ta toshe kwalbatocin da ya saba bi, har tudun ya fashe. Allah ya jiƙansu da rahama. Yashe kwalbati aikin lebura goma ne da shebur. Nawa ne kuɗin wannan in an gwada shi da rai guda?

Abin da zai ba ku mamaki, jama'a, shi ne akwai doka a kan wannan al'amari, ta kuwa girmi yawancin matasan jam'iyyarmu. Cikin 1988 aka gano an kawo gangunan guba daga Italiya an jibge a garin Koko na bakin teku. Kunyar wannan ta sa Gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar, muhalli kuwa shi ne ƙasa da ruwa da iska da itatuwa da dabbobin da mu ke zaune a cikinsu. Sa'an nan cikin 1992 aka kafa Doka ta 86, wadda ta ce kafin a fara babban aiki irin na babbar hanya ko layin dogo ko filin jirgin sama, lalle ne a aika masana su binciki ɓarnar da aikin zai jawo, su rubuta yadda za a kauce mata, a kuma ba jama'a dama su gani su faɗi ra'ayinsu. Bisa ga tsarin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a kan ajiye rahoton kwana 21 na aiki domin kowa ya duba. Dokar ba ta ware Gwamnati ba, ta hau kanta kamar yadda ta hau kan kamfani.

Doka ce mai kyau a takarda. Amma ku dubi yadda a ke yi da ita. Rahoton ya kan zo da kauri kamar tubali, cikin Turancin masana, wanda ko mu da muka yi makarantar Mishan sai mun ajiye ƙamus a gefe. A ajiye shi a kan tebur a sakatariyar ƙaramar hukuma, a buga sanarwa a jaridar Turanci wadda ba ta zuwa ƙauye. Kwana 21 su cika, a rubuta cewa jama'a ba su kawo ƙorafi ba. Yaya za su kawo, alhali ranar da suka ga safiyo yana kafa fegi a gonarsu ita ce ranar da suka fara jin labari? Game da horo kuwa, tarar da dokar 1992 ta yanka wa kamfanin da ya saɓa ba ta wuce naira miliyan 1 ba. Yau miliyan 1 ba ta sayen sabon a-daidaita-sahu. Ku gwada ta da titin bakin teku na Ikko zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita 700, wanda Ministan Ayyuka ya ce kowace kilomita za ta ci wajen naira biliyan 4. Wane ɗan kwangila ne wannan tara za ta hana barci?

Shi wannan titi na bakin teku ma darasi ne. An fara shi cikin Maris 2024, mutane suna ta tambaya ko an gama binciken da doka ta ce, aka rushe gine-gine, sa'an nan cikin Mayu Minista da kansa ya ba da sanarwar za a sauya wa wani yanki layi, domin a kauce wa wayoyin sadarwa da su ke fitowa daga ƙarƙashin teku. Da an duba kafin a sa katafila, da ba a yi wannan ja da baya ba. Muna faɗin haka ne domin manyan ayyuka suna ƙofarmu. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa cikin Fabrairu 2021, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka zana shi. Titin Sakkwato zuwa Badagiri, kilomita 1,068, wanda aka ƙaddamar a ƙarshen 2024, zai ratsa Sakkwato da Kebbi da Neja da Kwara, ƙasar fadamu da shinkafa. Tun ran gini, tun ran zane.

Ba ruwa kaɗai ba ne. A ofishin jam'iyya mu ne mu ke buɗe wasiƙun rassa, abu biyu kuwa sun fi yawa a cikinsu, rami da itace. Kowane titi sai an haƙo masa marmara, inda aka haƙa kuma sai ya bar rami mai zurfi, bakinsa a tsaye kamar rijiya. Sakataren wani reshe ya rubuto mana cewa ɗan kwangila ya kwashe injunansa ya bar musu irin wannan rami a bayan makarantar firamare. Damina ta cika shi, sauro ya samu gida, iyaye suka koma gadin yara da bulala kada su je wanka. Da suka kai kuka aka ce musu aikin na Tarayya ne, su tafi Abuja. Wa zai ba talaka kuɗin motar Abuja a kan rami?

Itace kuma, dattawa suna tune da hanyoyin da a da a ke tafiya cikin inuwar maɗaci da darbejiya daga gari zuwa gari. In an zo faɗaɗa hanya, rana ɗaya injin zarto ya ke kayar da abin da ya shekara sittin yana girma. Mai awon diyya ya kan rubuta ɗorawa ɗaya, kuka ɗaya, kaɗanya ɗaya, ya sa ɗan abin da ya ga dama. Ba ya rubuta cewa daga ɗorawar nan wata tsohuwa ta ke samun kalwar daddawa kowace shekara, ba ya rubuta man kaɗe da miyar kuka, balle masu tsire da masu faci da masu fura da su ke cin abinci a inuwar. Gwamnatin nan kuwa ita ce ta kafa hukuma cikin 2015 domin dasa shingen itatuwa a jihohi 11 na Arewa saboda hamada. Hannun dama yana dashe, na hagu yana sara, duka biyu kuma daga aljihunmu a ke biyansu.

Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu ta ke nema a kan kowane titi da gada da layin dogo da za a yi da kuɗin jama'a, na Tarayya ne ko na Jiha.

Na farko, kada a ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami, kada kuma katafila ta taɓa ƙasa, sai an gama bincike an amince da shi.

Na biyu, a taƙaita rahoton cikin Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci da kowane harshe na mutanen wurin, a karanta shi a rediyo, a kuma karanta shi ran kasuwa a gaban jama'a. A tambayi tsofaffin gari da masunta da makiyaya inda ruwa ya ke bi a shekarar da ya fi yawa, a rubuta amsarsu a cikin rahoton. Sun fi taswira sani.

Na uku, a auna gada da kwalbati da ruwan yanzu, a kuma ƙara musu rara. Kowane lambatu a kai shi har rafi. Kada a ƙare shi a ƙofar gidan wani ko a bakin kasuwa. A ware kuɗin yashe su kowace shekara kafin ruwan fari, a faɗi sunan ofishin da alhakin ya ke wuyansa.

Na huɗu, kowane ramin marmara a cike shi. In mutanen gari sun fi so a bar musu shi domin shayar da dabbobi ko noman rani, to a kwantar da bakinsa, a kewaye shi, a danƙa musu a rubuce.

Na biyar, a ƙirga itatuwa kafin a sare, a biya diyyar masu 'ya'ya gwargwadon amfanin da su ke bayarwa, a dasa wasu a madadinsu. Kada a biya kuɗin dashe ranar da aka ɗauki hoto, sai bayan damina uku, a ƙirga waɗanda suka rayu.

Na shida, a bar wa shanu burtalinsu, a yi wa 'yan makaranta da masu zuwa kasuwa wurin tsallakawa, a riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura muddin a na aiki a cikin gari. In kasuwa za ta tashi, a nuna wa 'yan kasuwa sabon wuri kafin a rushe tsohon.

Na bakwai, Majalisa ta gyara tarar nan ta zama kaso ne daga kuɗin kwangila, a kuma riƙe wani abu daga kuɗin ɗan kwangila har titi ya ga damina ya tsira. A kafa allo a bakin aiki mai ɗauke da kuɗin kwangilar da ranar gamawa da inda za a kai ƙara.

Za su ce wannan zai jawo jinkiri, zai kuma ƙara kuɗi. Gaskiya ne, zai ƙara kaɗan. Amma titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ba da kwangilarsa a ƙarshen 2017 ya shekara bakwai ba a gama ba, ba mu kuwa ji an ce ƙirga itatuwa ne ya tsayar da shi ba. Masu jinkirin shekaru ba su da bakin da za su yi ƙorafin watanni. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Mu ma kuma, 'yan'uwa, sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ledar da ta toshe lambatu ba daga Abuja ta zo ba. Teburin da aka kafa a kan magudanar ruwa namu ne. Cikin daminar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a Kano ya lalata atamfa da shadda na kuɗi masu yawa, 'yan kasuwar da kansu suka ce gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa ne suka jawo. Wanda ya ba da izinin ginin yana da laifi, wanda ya saya yana sane shi ma yana da nasa. In muna so mu tuhumi Gwamnati da baki mai ƙarfi, sai mu fara share ƙofar rumfarmu.

Ga aikin da mu ke roƙon kowane reshe ya yi kafin damina. Ku zaɓi mutum uku, a ciki har da mace ɗaya daga 'yan kasuwa. Su bi titin da ya ratsa ƙasarku da ƙafa, su ƙirga kwalbatocin da suka toshe, da ramukan da aka bari, da inda kwari ya fara cin gona, su ɗauki hoto da waya, su rubuta sunan wurin. Sakatare ya kai kwafi ɗaya ga kansila, ɗaya ga ɗan majalisarku, ɗaya kuma ya aiko mana, za mu buga a wannan shafi. In kun ga safiyo da fegi, ku gaishe shi da ladabi, kada kowa ya taɓa masa kaya, sa'an nan ku tambaye shi ina takardar binciken muhalli, a wane ofishi aka ajiye ta. Wannan tambaya hakkinku ce bisa doka.

Waɗannan sharuɗɗa bakwai kuma ba domin abokan hamayya kaɗai muka rubuta su ba. Ku yanke wannan shafi ku adana. In Allah ya ba jam'iyyarmu mulki, ranar da kuka ga katafilarmu ta riga bincike, ku fito da shi ku karanta mana a bainar jama'a.

Mun yarda mu biya kuɗin titi, gama mu ne masu binsa. Amma sau ɗaya za mu biya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da sharrin ruwa, amin.